Shekarar da Na Ƙi Tace Sunan Yaya

Wannan babin ne na fi jan ƙafa kafin in rubuta shi, domin akwai mutanen da nake ƙauna a cikinsa, kuma wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa ni ce na sauke kawunku Alhaji Sale daga shugabancin ƙungiyar masu ban-ruwa. Sadiya ta taɓa dawowa daga wani biki a Bunkure ido jawur, wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce ga 'yar wadda ta kunyata wanta a bainar jama'a. Ran nan ban yi mata bayani ba, na dai ce ta je ta wanke fuska ta ci abinci. Yanzu da kawunku ba ya raye, ni ma shekaru sun ja, gara ku ji maganar daga bakina yadda ta faru.

Ku fara sanin wane ne Yaya Sale a wurina. Mahaifinmu ya rasu ina 'yar firamare, shi kuma Yaya yana saurayi, sai gonar gidanmu da Inna da mu ƙanana duk muka dawo wuyansa. Ranar da zan tafi jami'a a Kano, a gaban motar tumatir ya saka ni, shi ya hau baya ya zauna a kan kwanduna riƙe da akwatina har cikin birni. Da na ce kwamfuta zan karanta, bai san mece ce ita ba, amma duk wanda ya tambaye shi a kasuwar Kura sai ya ce, ƙanwata na karatun abin da zai zo gobe. Daga nan na samu aiki a wani banki, a ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutoci, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Aikina shi ne kula da rumbun bayanai, wato babbar kwamfutar da duk sauran ƙanana suke aika wa saƙo, ta ajiye abin da suka ce ta ajiye, ta ba su amsar abin da suka tambaya. A nan na ƙare ƙuruciyata. Da na ajiye aiki, ni da babanku Malam Ibrahim muka tattara muka dawo Kura, shi ya ci gaba da koyarwa, ni kuma na ce zan huta in yi kiwon kaji.

Lokacin Yaya ya riga ya zama shugaban ƙungiyar manoman rani da ke shan ruwa daga magudana ɗaya, tun daga bakinta a nan kusa da mu har ƙarshenta can wajen ƙauyukan Bunkure. Shi ya yi ta kai-kawo har aka kawo wa ƙungiyar tsarin rabon ruwa ta waya. Kowane yanki yana da wakili. Manomin da gonarsa ke son ruwa sai ya gaya wa wakili, wakili ya aika da sunansa ta waya da sassafe, saƙon ya shiga rumbun bayanai da ke ofishin ƙungiya, a tsara jadawalin ranar, a tura wa mai buɗe ƙofofin ruwa. Mai buɗe ƙofofin kuwa shi ne Tanko, wani dogon mutum marar yawan magana, ɗan gidan Maguzawan da suka koma Kirista tun zamanin kakansa. Ya daɗe a kan aikin, tun ana rabon ruwa da baki. Tsarin ya kashe rigingimu da yawa a shekararsa ta fari, kuma Yaya ya yi alfahari da shi. Har ya sa aka kafa masa babban allo irin na talabijin a bangon ofishinsa, inda sunayen gonaki suke fitowa da kansu suna sauyawa. Baƙo ba ya zuwa ofishin nan ya fita ba a nuna masa allon ba.

A rani na biyu ne abu ya lalace. Mutanen ƙarshen magudana suka fara kuka cewa suna ba da suna, ruwa ba ya zuwa. Tumatir kuwa idan ya fara fure ba ya jiran kowa. Wakilansu suka nuna wayoyinsu, ga shi an rubuta an aika. Tanko ya ce shi dai sunayen ba sa fitowa a wayarsa. Jadawalin kuma kullum sabo ne, na yau yana hawa kan na jiya ya shafe shi, don haka kafin ƙorafi ya iso ofis babu abin da za a duba. Aka kira Injiniya Bashir daga kamfanin da ya kafa tsarin, ya buɗe manhajar sa ido, ya ce bai ga kuskure ko ɗaya ba, duk saƙon da ya gani ya shiga lafiya. To, waya ta ce an aika, injiniya ya ce an karɓa, saura mutum ɗaya da ke cewa bai gani ba. Nan da nan magana ta bazu cewa Tanko yana tsallake na nesa ya ba na kusa don ana ɗan sa masa hannu. Yaya ya tara mutane, ya dakatar da shi a gabansu, ya ɗora wani a kan ƙofofin.

Amma ruwa bai gyaru ba. Sai aka ce ai sabon bai gama koyon aikin ba ne. Mutanen ƙarshe suka ce su dai a kawo wani daga waje ya duba kwamfutar. Yaya da kansa ya zo gidanmu da yamma, ya same ni ina zuba wa kaji dusa.

"Rabi, ajiye kwanon nan. Karatun da kika yi yau zai yi mini rana."

"Wane karatu kuma, Yaya? Na tsufa."

"Ki zo ki duba mana na'urar nan, ki gaya wa mutanen nan lafiyarta ƙalau. Ni sun daina jin maganata, amma ke sun san banki kika riƙe."

Na ce masa zan duba, amma abin da na gani shi zan faɗa. Ya yi dariya ya ce ai don haka ya zo wurina.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don ku gane abin da ya biyo baya. A cikin manhajar sa ido akwai abin da muke kira bin sawu. Idan ka kunna shi, duk saƙon da ya taɓa rumbun bayanai sai ya bar layi guda a allo: wa ya aiko shi, daga wace na'ura, yaushe ya fara, ya daɗe ko bai daɗe ba, ya kammala ko an yanke shi, kuma idan ya tsaya jira, wa ya tare masa hanya. Matsalar ita ce layukan suna zubowa da yawan da ido ba zai iya bi ba. Don haka dole ka sa matata, ka ce wa manhajar nuna mini iri kaza kawai, ɓoye sauran. Duk gwanintar aikin tana wurin sanin abin da za ka ce a ɓoye, da kuma tuna cewa ka ɓoye shi.

Da na zauna da Injiniya Bashir, abin da na fara tambayarsa shi ne wace matata ke kai. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tun ranar da suka kafa tsarin ya sa matatar da ke nuna saƙonnin da suka kammala kawai, don kada wurin ajiya ya cika da tarkace. Ni ma na sha yin haka a banki, kowa yana yi. Sai dai wanda ya ce a nuna masa waɗanda suka shiga lafiya kaɗai, ba zai taɓa ganin wanda ya faɗi a bakin ƙofa ba. Bashir ya dafe kai ya yi salati. Muka cire matatar gaba ɗaya, muka bar bin sawu a kunne, muka ce sai gobe.

Washegari bayan sallar asuba na hau adaidaita na tafi ofis, don lokacin ne wakilai ke aiko da sunaye. Na tarar da layuka sun cika allo suna gudu. Wallahi sai na ji wani daɗi ya taso mini wanda na manta da shi, yatsuna suka tuna hanyarsu da kansu. Na fara tacewa. Na ce a bar mini na safiya kawai, daga asuba zuwa hantsi. Suka ragu. Na ce a cikinsu a bar mini waɗanda suka nufi jadawalin ruwa. Suka ƙara raguwa. Sannan na juya matatar Bashir, na ce yanzu ɓoye waɗanda suka kammala, nuna mini waɗanda aka yanke. Ga su nan reras. Na jera su bisa ga wanda ya aiko, sai ga wayoyin wakilan ƙarshen magudana suna bin juna. Saƙonnin sun iso ƙofar rumbun, sun tsaya suna jira, jiran ya yi tsawo, an yanke su. Ba su taɓa shiga jadawali ba, balle su kai ga wayar Tanko. Na jingina da kujera na ce Alhamdu lillahi, bawan Allah nan ya fita.

Saura tambaya ɗaya, wa yake tare musu hanya. Na duba gurbin da ke nuna haka, na ga lamba ɗaya ce take maimaituwa daga sama har ƙasa. Na tace da lambar, don in ga na'urar da ke ɗauke da ita. Sunan da ya fito shi ne Ofishin Shugaba.

Allon bangon Yaya ne. An tsara shi ne ya riƙa sabunta kansa ba ƙaƙƙautawa, kuma duk lokacin da zai sabunta sai ya kulle jadawalin gaba ɗaya, ya bi gonakin ƙungiya kaf yana lissafi, sannan ya saki. A shekarar fari gonakin da aka shigar kaɗan ne, kullewar ba ta wuce ƙiftawar ido. Da suka yi yawa sai ta yi tsawo. Wayar wakilin da ke kusa da gari, inda sabis yake da ƙarfi, idan aka yanke ta sai ta sake aikawa da kanta har ta samu shiga. Ta can ƙauye kuwa kafin ta sake gwadawa sabis ya ɗauke, ita kuma ta riga ta rubuta an aika tun lokacin da saƙon ya bar ta. Ba wanda ya yi nufin cutar kowa. Gyaran ma ba wuya: a ba allon kwafin jadawali ya riƙa karantawa daga can, a kuma hana waya cewa an aika sai rumbu ya amsa. Ni da Bashir muka gama kafin azahar.

A hanyar komawa gida na sa mai adaidaita ya bi ta bakin magudana. Na hangi Tanko a zaune a kan dakalin siminti kusa da ƙofar ruwa ta farko, ba aikin da yake yi, yana kallon ruwa kawai. Na sauka muka gaisa.

"Hajiya, an ce ke aka kira ki duba."

"Ni ce, Malam Tanko."

"Ni ban iya karatun na'ura ba. Amma 'ya'yana sun daina zuwa kasuwar Bunkure, saboda abin da ake kiransu. Idan kin ga na ci, ki faɗa. Idan ba ki gani ba, shi ma ki faɗa."

Ban gaya masa abin da na gani ba, domin ina ganin Yaya ne ya kamata ya fara ji. Na ce masa ya ƙara haƙuri kaɗan.

Bayan la'asar na sami Yaya a zaurensa, na jira har mutane suka watse. Na yi masa bayani a hankali, na fara da cewa an gyara, ruwa zai daidaita daga gobe. Fuskarsa ta washe. Da na kai kan allon, sai ya sunkuyar da kai yana juya carbi.

"Wa ya sani?"

"Ni da Bashir."

"To shi ke nan. An gyara, an gyara. Ruwa zai je musu, kowa ya kama gabansa."

"Tanko fa, Yaya? Idan ruwa ya daidaita bayan an cire shi, kowa zai ce ashe dai shi ne."

Ya ce zai nemo wa Tanko wani aiki a gonarsa, ba zai bar shi da yunwa ba. Na ce ba yunwa ce ta kai shi bakin magudana yana kallon ruwa ba. Ya tashi ya yi taku zuwa ƙofa ya dawo. Kawunku mutum ne mai kaifin kai, duk da bai yi boko mai nisa ba, kuma ya fahimci bayanin matata fiye da yadda na so.

"Kin ce abin nan yana ɓoye duk abin da aka ce ya ɓoye. To ki nuna musu saƙonnin da aka yanke, Tanko ya fita. Amma ki tace sunan ofishina. Ai ba ƙarya kika yi ba, abin da ke allo gaskiya ne."

In gaya muku, na yi tunanin maganar sosai, domin ba maganar banza ba ce. Zaɓen ƙungiya yana tafe bayan girbi. Gonakin Yaya a bakin magudana suke. Ya san idan aka ji cewa daga ofishinsa ake tare saƙon mutanen ƙarshe, ba wanda zai tsaya sauraron bayanin kulle da sabis, cewa za a yi da gangan ya yi. Tsoronsa yana da tushe. Amma ni ma na san mutanenmu. Idan suka ga saƙo ya tsaya ba a ga abin da ya tsayar da shi ba, za su nemo mai laifi da kansu. Ko su ce wakilai ne ba su iya aikawa ba, ko su ce Bashir ne ya sayar musu da ruɓaɓɓen kaya. Duk inda na matsar da matatar, kan wani za ta sauka. Na ce masa hanya ɗaya nake gani: shi ya tashi a taro ya faɗa da bakinsa, ni in tsaya a bayansa in nuna cewa ba da niyya ba ne.

"In tsaya gaban mutanen da na tara na kori mutum, in ce ashe talabijin ɗina ne?"

"Za su girmama ka, Yaya."

"Ke kin daɗe a birni, Rabi."

Labari ya riga ni shiga cikin gida. Inna, kakarku, tana zaune a ɗakinta a gidan Yaya, idonta ya riga ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta sa aka kira ni. Matar Yaya, Hajiya Hauwa, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ta amsa gaisuwata ba.

"Rabi, me na ji tsakaninki da wanki?"

Na yi mata bayani gwargwadon yadda za ta gane. Ta saurara har ƙarshe.

"Shi wannan Tankon, ya ci ko bai ci ba?"

"Bai ci ba, Inna."

"Shi kuma Sale, ya cuce su da sani?"

"A'a, Inna, bai sani ba."

Ta ce, "To ni me zan ce? Ku biyu ni na haife ku. Ba zan ce ki rufe gaskiyar bawan Allah ba, ina tsoron kabarina. Amma ki sani wanki ba ya mantuwa, halin ubanku ya ɗauko."

Daga bakin ƙofa Hajiya Hauwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mutumin da ya hau kan kwandon tumatir ya kai ki makaranta."

Gaskiya ta faɗa. A gida babanku ya saurare ni yana gyara takardun ɗalibansa. Shi ba ya son shiga tsakanin 'yan'uwa. Abin da ya ce kawai shi ne, duk abin da na zaɓa, shi zai raka ni wurin taron, kuma zai zauna inda zan riƙa ganinsa. Na sake komawa wurin Yaya har sau biyu kafin ranar, ina roƙonsa ya faɗa da kansa. Na biyun bai ma bari na zauna ba. Ya ce in yi abin da karatuna ya koya mini.

An yi taron a babban ɗakin ƙungiya, ranar da ba kasuwa. Aka ciro allon daga ofis aka kafa a gaban jama'a, don shi ne mafi girma da muke da shi. Ɗakin ya cika har tagogi, mutanen ƙarshe sun zo a babura da yawa. Ni kaɗai ce mace a gaba. Ban kawo musu sakamako a gama ba, na ce a gabansu zan tace, kowa ya ga abin da na cire da dalilin cire shi. Na nuna musu layukan duka suna gudu, wani tsoho ya ce wannan ai sai aljani. Aka yi dariya. Na sa matata ta farko na faɗi abin da ta ɓoye, na sa ta biyu, na sa ta uku. Da saƙonnin da aka yanke suka fito, na kira wakilan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya ga lambar wayarsa. Na ce waɗannan saƙonni ba su taɓa isa wayar Tanko ba. Tanko yana can baya a tsaye, ya sunkuyar da kai.

Sai wani manomi mai suna Malam Hudu, wanda tumatirinsa ya ƙone a tsaye, ya miƙe.

"Hajiya, mun ji. To me ya tsayar da su?"

Na dubi Yaya. Yana zaune a kujerar shugaba, ya kafa wa bango ido. Na ɗan jira ko zai yi magana. Bai yi ba. Na sa matata ta ƙarshe, sunan ya fito.

Hayaniya ta tashi kamar za a ɗage rufin. Na ɗaga murya, irin yadda ban taɓa yi a gaban maza ba, na ce ban gama ba, wanda ya yarda da rabin farko dole ya tsaya ya ga na biyu. Na tace da wayar wakilin yankin Yaya kansa, na nuna musu cewa saƙonnin gonakinsa ma an sha yanke su, sabis ne kawai ya cece su. Na ce allon bai san gonar kowa ba, duk wanda ya zo lokacin da ya kulle sai ya tare shi. Na ce mutumin da ke son cutar ku ba zai zo gidana da ƙafarsa ya ce in duba ba. Bashir ya tashi ya ce shi ma matatarsa ce ta hana a gani da wuri, kuma kamfaninsu ne ya tsara allon haka. Wasu suka lafa. Wasu ba su lafa ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin bayani ba ya tayar da shukar da ta mutu.

Yaya ya miƙe. Ya ce Tanko ya koma bakin aikinsa daga gobe, kuma shi Sale ya yi gaggawa a kansa, yana neman afuwarsa a gaban waɗanda aka kore shi a gabansu. Ku riƙe wannan, domin masu ba ku labari suna tsallake shi: kawunku ya faɗi haka da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi. Sannan ya fita ta gabana bai dube ni ba.

Ya faɗi zaɓe bayan girbi. Ƙungiya ta roƙe ni in riƙa duba musu rumbun, na karɓa, na yi shekaru ina yi, kuma ban sake jin an kori wani a kan saƙon da ya ɓata ba. Na kafa musu ƙa'ida cewa duk wanda zai nuna sakamakon bin sawu a taro, sai ya fara karanta matatar da ke kai da ƙarfi kowa ya ji. Har yau suna yi. Tanko ya riƙe ƙofofin har ƙarfinsa ya ƙare. Ina alfahari da wannan aiki fiye da duk abin da na yi a banki, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma Yaya ya daina yi mini magana. Idan na shiga gidansa gaida Inna, sai ya fita ta ƙofar baya. Da sallah na aika ku, ya karɓe ku hannu biyu, ni kuwa ko a ce yana gaishe ni. Rani biyu muka yi a haka. A cikinsu Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ina jinyarta da rana, shi yana shiga idan na tafi. Wata rana ta riƙe hannuna ta ce, "Na so in gan ku a tabarma ɗaya." Ba ta gani ba. Wannan shi ne abin da shekarar ta ci mini, kuma ba abin da zai biya shi. Duk da haka, da za a mayar da ni gaban allon nan, matatar da na sa ita zan sake sawa.

Bayan rasuwar Inna da wasu watanni, Yaya ya kafa injin casar shinkafa a hanyar Garun Malam, da kwamfutocinsa na awo da na sito. Wata safiya ina shara sai na ji tsayuwar mota. Shi ne. Bai shigo ba, ya tsaya a ƙofar gida yana duban kajina kamar su ya zo gani.

"Na'urar injina tana nauyi. Manaja ya ce sai an sayi sabuwa."

"To, Yaya."

"Ɗauko mayafinki."

Muka isa wurin injin. Na zauna na kunna bin sawu, na yi 'yan tace-tacena, na gano wani aikin ajiya ne da aka saita yana tashi daidai lokacin da ake awo. Na ce ba sai an sayi komai ba, a matsar da shi zuwa bayan an tashi. Manajan, wanda bai san ni ba, ya ɗan yi murmushi ya ce da dai a jira mutanen Kano su zo su tabbatar.

Yaya yana tsaye a bayana, hannunsa a kan kujerar da nake zaune.

"Ba sai sun zo ba," in ji shi. "Ƙanwata ce. Idan ta ce ta gani, ta gani."